Farin da Ya Hau Kwamin Iyo a Bunkure

Duk yaron da ya tashi tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam bayan an kammala dam ɗin Tiga a 1974, a kanal ya koyi iyo. Aikin da aka faro a zamanin mulkin Audu Bako shi ya kawo mana ruwa har ƙofar gida. Ruwan yakan taso daga Tiga ya bi babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya yi ta rarrabuwa cikin ƙananan magudanai har ya isa bakin gonar kowa. Ƙuruciyata ta faɗo a shekarun alkama, bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, lokacin da za ka tsaya a Kadawa ka ga kore iya ganinka a tsakiyar hunturu. Da an tashi daga makaranta sai mu tuɓe riguna mu yi ta tsunduma daga kan gada.

Ba kyauta muka sha wannan daɗin ba. Tsargiya ta zama ruwan dare a cikinmu, har wasu yaran suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma ce. Sai daga baya muka san ƙwayar cutar a jikin 'yan ƙananan katantanwa take renuwa, waɗanda ke maƙale a ciyawa da kachala inda ruwa ba ya gudu sosai. Ga kuma nutsewa. Da wuya rani ya wuce ba a ji ruwa ya ja yaron wani a bakin wata ƙofar kanal ba. Shi ya sa ranar da na ji wani Alhaji ya kafa kwamin iyo a gidan gonarsa ta wajen Bunkure saboda jikokinsa, ban ga almubazzaranci a ciki ba. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da yake gudar musu.

Sana'ata aikin faiba ce. A cikin birnin Kano na koye ta, wurin masu gyaran bambar mota da ta fashe, daga baya na shiga ɗinke tankunan ruwa da kwamin kifi. Wanda bai taɓa ganin ana haɗa faiba ba yakan ɗauka roba ce kawai, alhali hawa-hawa ce. Akan shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da wani ruwa mai danƙo da wari da muke kira rezin, a ɗiga masa maganin daskarewa, a ƙara wata tabarmar a kai, har kauri ya kai yadda ake so. Wannan shi ne ƙarfin jikin. Santsi da sheƙi da launin da ido ke gani kuwa wata fata ce daban a sama, wadda muke kira jel, kuma kaurinta bai cika wuce rabin milimita da ɗan wani abu ba. Ita ke hana ruwa shiga cikin zaren, ita rana ke duka, ita kuma duk wani magani da aka zuba a ruwa yake fara taɓawa. Idan ta tafi, kyau ya tafi, kariya ma ta tafi.

Abin da ya dawo da ni gida da wannan sana'a shi ne annobar tumatir ta 2016. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kadawa da kewaye cikin 'yan makonni. Kasuwar Kwanar Gafan da aka saba ganin kwanduna jere har bakin titi ta yi tsit, sabon kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ma ya tsaya saboda babu abin niƙawa. Baffana yana cikin waɗanda suka tashi a tutar babu. Sai ya sayar da bijimi guda ya sayo tsofaffin kwamin faiba na kiwon kifi, masu launin shuɗi, ya jera su a bayan gida ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ni na toshe masa inda suke yoyo.

A jikin waɗannan na fara ganin farin da zan yi magana a kai. Bayan an kwashe kifin farko, sai ga wani zobe fari ya kewaye kowane kwami daidai inda ruwa ke tsayawa, mai kaushi, ba ya fita da soso da sabulu. Baffa ya duƙa ya kankaro kaɗan da farce, ya ɗora a harshe, ya tofar.

Ya ce, “Wannan ba kanwa ba ce. Kanwa tana da ɗanɗano. Wannan garas-garas take, ba ta da komai.”

Ɗanɗana farin abu ba baƙon aiki ba ne a wurinsa. Yana da wata gona a gangare, kusa da magudanar da ya kamata ta riƙa kwashe rarar ruwa, wadda kachala da laka suka toshe shekara da shekaru. Ruwan Tiga ruwa ne mai sauƙi, gishirinsa kaɗan ne. Amma idan ana ta malala shi a gona ba shi da mafita, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya yi ta hauhawa har ya kusa sama. Rana ta bazara ta riƙa zuƙo shi ta cikin ƙasa, ruwan ya tashi ya bi iska, gishirin ya zauna. Haka gefen gonar nan ya yi fari fat, albasa ta ƙi, alkama ta fito tsilla-tsilla. Tun muna yara yake nuna mana wurin yana cewa ruwa ba ya tsami banza, duk farin da ka gani a ƙasa ka tambayi ruwan da ya bi ta wurin.

Na ce, “Baffa, me kake zubawa a ruwan kifin nan?”

Ya ce farar ƙasa, kamar yadda ya ga masu kwamin ƙasa suna yi don kashe cuta da rage tsamin ruwa. Ruwan kuma na rijiyar burtsatse ne. Na aiki yaro ya sayo lemon tsami, na matsa a kan zoben. Nan take ya fara ƙananan kumfa yana tsuwwa. Wannan ita ce shaidar alli, wato sinadarin kalsiyam da ya daskare, domin tsami na narkar da shi. Muka jiƙa tsumma da ruwan khal muka lulluɓe zoben, muka bar shi ya jiƙu, muka goge da soso mai laushi, muka ɗauraye sosai kafin a zuba sabon kifi. Shuɗin ya dawo kamar ba a taɓa komai ba, saboda farin a kan fatar ya zauna, bai ci ta ba.

Na Alhaji bai zo da wannan sauƙin ba.

A shekarun da ake gyaran kanal-kanal ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, Alhaji ya aiko a kira ni. Gidan gonar yana nesa kaɗan da titi, shinkafar maƙwabta ta kewaye shi ta ɓangare uku. Kwamin guda ne sukutum, an zubo shi a ma'aikata aka ɗauko a babbar mota, aka haƙa rami aka zaunar da shi. Tsawonsa zai kai mita 8, faɗinsa mita 4, da matakala a gefen da ba zurfi. An ce ranar da aka kawo shi mutanen ƙauyen sun fito kallo, shuɗinsa har ɗaukar ido yake. Da na same shi, rani biyu kacal da kafawa, ya yi furfura. Akwai zobe fari a bakin ruwa. Akwai tabo-tabo farare, zagaye, a kan matakala da ƙasan gefen da ba zurfi. Bangon gabas kuma, wanda ranar yamma ke duka, ya koɗe daga bakin ruwa zuwa sama.

Alhaji na zaune a kujera ƙarƙashin mangwaro, ransa a ɓace. Can gefe wani saurayi na tsugune, kansa a ƙasa. Shi ne mai kula da kwamin, ɗan wani ƙauye ne da ya yi karatun allo a nan ya zauna yana aikin gona.

Bayan mun gaisa Alhaji ya ce, “Malam, ka ga abin da yaron nan ya yi min. Na ce ya riƙa wankewa kullum, ga shi datti ya kama har ya zama dutse. Wanda ya sayar min ya ce shekara ashirin ba zai canza ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni dama in duba tukuna.”

Na fara da bangon da ya koɗe. Na shafa tafin hannuna a kai, na ɗago, sai ga hannun ya yi fari da wata hoda mai laushi, da ɗan shuɗi-shuɗi a cikinta. Na jiƙa tsumma na goga, launin ya dawo shar, muna tsaye ya bushe ya koma fari. Wannan ba abin da ya hau kai ba ne, fatar ce da kanta take rugujewa. Hasken rana yana tsinka rezin ɗin da ya riƙe launi, sai saman ya zama gari. Na matsa lemon tsami a wurin, shiru. Na matsa a zoben bakin ruwa, ya yi kumfa irin na kwamin Baffa. Sannan na shiga ruwan na tsuguna a matakala. Tabon nan ba su da kaushi ko kaɗan, sumul suke, sai dai launin ya fita daga cikinsu kamar an zare shi. A gefen matakala ta biyu kuwa yatsana ya ji ƙaiƙayi. Na kawo ido kusa, sai ga siraran zaren gilashi sun leƙo, kewaye da ƙananan zane-zane birjik, duk sun bi hanya ɗaya.

Na juya wurin saurayin na ce, “Ƙanena, da me kake wankewa?”

Ya tashi ya ɗauko bokiti. A ciki akwai soson ƙarfe irin na wanke tukunya, da omo, da wani gwangwani da ya cika da yashi mai laushi. Ya ce da farin ya ƙi fita da soso sai aka ce ya ƙara ƙarfi, shi ne yake haɗawa da yashi. Da ya miƙo bokitin na ga hannayensa. Fatar yatsun ta sassaɓe, gefen farcen ya tsattsage, bayan hannun ya yi fari-fari kamar na mai aikin siminti. Na tambaye shi maganin ruwa fa? Ya kai ni wani ɗan ɗaki ya buɗe durom na hodar kilorin, warin ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Da hannu yake ɗiba, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Ya ce kowace yamma yakan cika gwangwanin madara biyu ya watsa a kan ruwa daga gefen matakala, inda ya fi masa sauƙin tsayawa. Idan iska ta kwaso ƙura ko ruwan ya yi gajimare-gajimare sai ya ƙara na uku. Injin da ke juya ruwa kuma ba ya aiki sai an kunna janareta, ita kuwa sai Alhaji ya zo.

A nan zancen tabon ya warware. Hodar da ake sayarwa a durom ɗin nan kilorin ce haɗe da kalsiyam, kuma ƙarfinta yakan kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ba ta narkewa nan da nan. Idan aka watsa ta a ruwan da ba ya motsi, ƙwayoyin sai su nutse su kwanta a ƙasa, kowace ta kwana tana cin launin wurin da ta sauka. Kowane gwangwani kuma yana ƙara wa ruwan alli. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ruwan buɗaɗɗen kwami yakan ragu da kusan santimita guda a yini. Ruwa zalla ne ke tashi, allin yana nan, sai a ciko daga rijiyar burtsatse da nata allin, a ƙara hoda. Rani biyu ana haka ba a taɓa rage tsohon ruwa an sauya ba.

Ina da 'yan takardun awon ruwa a jakata, irin waɗanda ake tsomawa su canza launi. Na tsoma ɗaya a gaban Alhaji. Ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wanda ake rubutawa pH, ana son ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6 a kwamin iyo. Nasa ya haura 8. Kilorin ana son miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Nasa ya wuce launi na ƙarshe da ke jikin kwalbar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda matsalar ke ciyar da kanta. Idan pH ya kai 8, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kilorin ɗin ke da ƙarfin kashe ƙwayar cuta, alhali a 7.5 kusan rabi ne. Allin kuma sai ya fara fita daga ruwa ya sa shi dishi-dishi. Mai kula ya ga ruwa ya yi dishi, ya ɗauka magani ne ya yi kaɗan, ya ƙara hodar da ita ce ta jawo dishin.

Na koma ƙarƙashin mangwaro na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, yaron nan bai yi ha'inci ba. Abin da aka ce ya yi shi ya yi, har ya wuce, ga hannunsa nan shaida. Fari iri uku ne a kwamin nan, ɗaya ne kawai yake fita da wanki, shi ma ba da soson ƙarfe ba. Ranar da aka kawo kwamin, an ba ku abin awon ruwa? An ce ga yawan hodar da za a sa?”

Ya yi shiru, sannan ya ce durom ɗin kawai aka haɗo masa da shi, aka ce a riƙa zubawa kada ruwa ya yi kore. Shi kuma da tsoron cuta a ransa ya ce wa yaron kada ya yi rowar magani. Ya kira saurayin ya ce ya nuna hannunsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “Subhanallahi. Me ya sa ba ka faɗa min ba?” Saurayin ya ce, “Baba, na ɗauka haka aikin yake.”

Har yau idan na tuna amsar nan raina yakan sosu. A ƙasashen da kwamin faiba ya yawaita, irin su Ostireliya da Amurka, masu shi suna kuka da wannan farin, ba mu kaɗai ba ne. Amma can akan miƙa wa mai saye takardar yadda zai kula da ruwa, akwai shagunan da za ka kai ruwa a kwalba a auna maka, kuma kamfanoni kan rubuta ƙarara cewa ba su ɗaukar asarar da rashin daidaita ruwa ya jawo. A nan an sauke wa mutum kaya na miliyoyi a ƙasa mai zafin rana, ga ƙurar hunturu, ga rashin wuta, an karɓi kuɗi an juya. Da abin ya lalace kuma, wanda ya fi kowa ƙaramin albashi a gidan shi aka fara nunawa da yatsa. Ina ganin wanda ya sayar da kwami bai bar ko kwalbar takardar awo ba, bai gama cinikinsa ba.

Alhaji mutum ne mai son a yi a gama. Ya ce a kawo injin ban ruwa yanzu a zuƙe kwamin tas in fara aiki gobe. Nan na dage na ce a'a. Na roƙi a ba ni ma'aikaci guda da shebur, muka haƙa ɗan rami taku kaɗan daga bakin kwamin. Ba mu kai zurfin ƙugu ba ƙasa ta fara nasowa, kafin mu sha ruwa mu dawo ramin ya tara. Shinkafar maƙwabta na tsaye cikin ruwa, ƙasar gidan gonar duk a jiƙe take ta ƙasa. Kwami mai wannan girma yana ɗauke da ruwa wajen lita 40,000, wato nauyin tan 40, kuma wannan nauyin ne ke danne shi a ramin yana tokare bangonsa. Jikin faiba ba shi da wani nauyin a zo a gani. Idan aka kwashe na ciki alhali na waje na nan, ruwan ƙasa zai turo shi sama, ko ya kumbura ƙasansa, ko ya lanƙwasa bango ya tsinka bututun da ke jiki. Duk mai kwamin faiba a yankin noman rani ya kamata ya san wannan tun kafin ya san sunan kowane magani. Alhaji ya leƙa ramin da kansa, ya ce gani ya kori ji, a jira.

Kafin ƙasar ta bushe muka fara da abin da za a iya yi da ruwa a ciki. Aka daina zuba hoda har kilorin ya sauko da kansa, rana ma tana cinye shi. Muka riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan muna cikowa da sabo, muka sauko da pH da asid ɗin da ake sayarwa don wannan aiki, ana tsiyaya shi cikin bokitin ruwa, ba a zuba ruwa a kansa. Na ja wa saurayin kunne da babbar murya cewa asid da hodar kilorin ba sa haɗuwa a bokiti ɗaya, ba sa kwana a ɗaki ɗaya, domin hayaƙin da suke tayarwa yana iya kashe mutum. Cikin 'yan makonni zoben bakin ruwa ya yi laushi, yawancinsa ya fita da tsumma.

Sai da maƙwabta suka girbe aka rufe ruwan reshensu, ramin gwajinmu ya bushe, sannan muka zuƙe kwamin. Duk da haka na sa an gitta katakai daga bango zuwa bango an tokare, injin ban ruwa kuma yana gefe cikin shiri. Da asuba muke farawa, saboda rezin ba ya jiran kowa a zafin bazara, kana cikin shafawa zai daskare a gwangwani. Bangon da ya koɗe muka bi shi da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, daga lamba 1000 zuwa 1500 zuwa 2000, sannan man gogewa da injin buroshi. Aiki ne na lallaɓawa, domin abin da kake cirewa daga rabin milimitar nan ba ya dawowa. A hankali mataccen saman ya tafi, shuɗi mai rai ya fito daga ƙarƙashi. Saurayin, da safar hannu a karon farko, shi ke riƙe min tiyo, yana ta kabbara duk inda launi ya bayyana.

Matakala ce ta ƙi. Inda hoda ta kwana, farin ya nutsa cikin fatar, gogewa ba ta kai gare shi sai an cinye ta duka. Inda yashi da soson ƙarfe suka bi kuwa babu ma fatar da za a goge. Dole muka kankare wurin, muka bar shi ya bushe sosai, muka wanke da sinadarin goge maiƙo, na haɗa sabon jel na shafa. Na gaya wa Alhaji tun kafin in fara cewa launin ba zai zo daidai ba. Sabon shuɗi da wanda ya sha rana rani biyu ba za su taɓa zama ɗaya ba, ko wane ne ya haɗa. Haka kuwa aka yi, matakalar ta fi sauran jikin duhu, ana gani daga nesa. Ya ce shi dai kada zaren gilashi ya soki ƙafar jikokinsa. Muka bar jel ɗin ya yi kwanaki yana ƙarfi kafin a mayar da ruwa, muna lulluɓe shi da leda saboda ƙura.

Sauran aikin na koyarwa ne. Saurayin ba ya karanta boko, amma yana rubutun ajami mai kyau. Na riƙa faɗa yana rubutawa a bayan wani kwali, muka kafe shi a ƙofar ɗakin magani. A tsoma takardar awo kafin a taɓa durom. A narkar da hoda a bokitin ruwa, a bar garin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a zagaya da shi gefen mai zurfi, kuma sai injin juya ruwa na aiki. Garin da ya kwanta a bokiti ba ya shiga kwami. A jikin kwalbar awo na sa masa alama da biro a kan launukan da ake so, ya riƙa gwadawa da ido. Soson ƙarfe ya koma kicin. Alhaji ya sa aka kafa wa injin faifan sola don ya riƙa juyawa da rana ko ba kowa a gidan, aka kuma ɗaura ragar inuwa irin ta masu renon irin tumatir a kan rabin kwamin. Ya kai saurayin asibiti aka duba hannunsa, ya ƙara masa albashi.

Labarin ya bazu a tsakanin masu kiwon kifi na wajen, domin su ma da hodar nan suke wanke kwami tsakanin kwashe kifi da zuba sabo, wasu har su bar ta ta kwana a jiƙe a ƙasan kwami. Da yawa kuma sukan kife kwamin da ba kowa a ciki a tsakar rana wata da watanni. Wani ya kawo min nasa a kan amalanke, fatar ta ƙare har zaren na kama riga, yana mamakin abin da ke sa cikin tarwaɗarsa yin ja. Wannan sai da aka sake masa jel gaba ɗaya, kuɗin ya kusa rabin na sabon kwami. Yanzu idan aka ga fari, kafin a neme ni akan nemi saurayin Alhaji, ya je da lemon tsami da jiƙaƙƙen tsumma ya faɗa musu ko na wankewa ne ko na kiran mai faiba.

Zuwana na baya-bayan nan gidan gonar, zoben bai dawo ba, babu kuma sabon tabo a ƙasa. Amma ƙarshen bangon gabas, inda ragar ba ta kai ba, ya fara barin hoda a hannu. Na nuna wa Alhaji, na ce wurin ba zai ɗauki samfefa karo na biyu ba, man gogewa kawai za a sa, a kuma ƙara tsawon ragar kafin bazara. Ya ce a bari a sayar da shinkafa. Saurayin ya biyo ni har bakin mota da kwalbar awo a hannu, ya nuna min kwanan watan da ke jikinta ya wuce, takardun sun fara ba da launin da bai yarda da shi ba. Ya ba ni kuɗin da Alhaji ya bayar, ya ce in sayo kwalba biyu a Sabon Gari, ɗaya tasa, ɗaya ta wani mai kifi a Kura da ya roƙe shi.